Ƙofa Biyu a Benezuwela

A wurinmu kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi a gindin kalangun ubansa yake tashi, wanda kuwa ba gidansu ba ne, sai dai ya saci ji daga nesa. A nan zango ma, inda muke baƙi a tsakiyar wasu harsuna, haka abin yake. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi wata ƙasa da ta yi ƙoƙarin fitar da kiɗa daga hannun magada.

A shekarar 1975, a birnin Karakas na ƙasar Benezuwela, wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi mai suna José Antonio Abreu ya kira matasa gwajin kiɗa a wani wurin ajiye motoci. Mutum 11 kacal suka zo. Daga wannan zama aka samu shirin da duniya ta sani da El Sistema. Ana ba yaro goge irin na Turawa ko sarewa ko ƙaho kyauta, darasi ma kyauta, ya riƙa zuwa bayan an tashi makaranta. Ba a keɓe shi a ɗaki da malami ba, tun ranar farko cikin taron 'yan'uwansa makaɗa ake sa shi. A wasu cibiyoyin, ƙananan yara da gogen kwali suke farawa, don hannu ya saba da riƙo kafin a damƙa musu na gaske. Gwamnati ta ɗauki nauyi da kuɗin man fetur, cibiyoyi suka bazu har unguwannin talakawa. A cikinsu Gustavo Dudamel ya tashi, wanda a 2009 ya zama jagoran babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Anjalis a Amurka.

To, amma ƙofar da aka buɗe wa talaka ba ita ce ta mai lalura ba. Sai da aka yi shekara 20, a 1995, kafin wani malami, Jhonny Gómez, ya kafa sashen masu buƙata ta musamman a birnin Barkisimeto. Jinkirin ba abin mamaki ba ne. Ɗan talaka kayan kiɗa da kuɗin mota yake nema. Yaro mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ko an ba shi waɗannan bai shiga ba tukuna. Ƙarar taron makaɗa kan gigita shi, canjin wurin zama ko na lokaci kan tayar masa da hankali, umarnin baki kuma kan wuce shi. Amma sau da yawa kunnensa yakan riƙe sauti, maimaicin da ke gundurar wasu kuma shi ne kwanciyar hankalinsa. Saboda haka malami ne zai sake salo, ba yaron ba.

Daga wannan sashe aka samu ƙungiyar mawaƙa mai suna Fararen Hannaye. Rukuni ɗaya suna rera waƙa da murya, cikinsu akwai makafi da masu otizim da masu wasu lalurori. Ɗaya rukunin kurame ne sanye da farar safar hannu, suna bin waƙar da ishara.

Ba za mu ɓoye suka ba. A 2014 wani Bature ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya fitar da littafi yana cewa horon shirin ya yi tsanani, kuma yawancin yaran da ya gani ba 'ya'yan matalauta ba ne kamar yadda ake yayatawa. Mu dai muna ganin zancen nasa abin saurare ne, domin shiri kan yi suna da talaka, mai hali ya riga shi kujera.

A wannan shekarar ce farashin mai ya faɗi, tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, malamai da makaɗa masu yawa suka yi ƙaura. Abreu ya rasu a watan Maris na 2018, cibiyoyin da ya bari suna fama da ƙarancin malamai da kayan kiɗa.