Garkar Bayan Ɗaki: Gadon Da Iyayenmu Mata Suka Bar Mana

Idan ana tarihin Kontagora, da Umaru Nagwamatse ake farawa, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa garin a wajajen 1864, sai a gangaro kan ɗansa Ibrahim da zuwan Turawa a 1901. To amma akwai wani tarihin da ba a cika faɗa ba, wato na 'yar garkar da ke bayan ɗakin kowace uwargida a unguwarmu.

Kakanninmu da suka biyo hanyar fatauci da malanta daga ƙasashen Sakkwato, Katsina da Kano ba su baro miyarsu a gida ba. Mata kan ƙullo irin kuɓewa, yakuwa, rama da karkashi a bakin zane, domin duk inda aka yada zango sai an ɗora tukunya. Su ma tsirran kowanne da asalinsa. Kuɓewa da karkashi 'yan Afirka ne. Zogale daga ƙasar Indiya ya fito. Barkono da tumatir kuwa daga nahiyar Amurka suke, ba su iso mana ba sai bayan 1492. Albasa da na'ana'a ko a sunansu ka ji Larabci.

Da aka zauna, sai ƙasar ta koya musu sabon karatu. A Sakkwato fari da zafin rana ake gudu. Nan kuwa damina ta fi tsawo, ruwa ya fi yawa, sai ya zama kwanciyar ruwa ce ke ruɓar da saiwa. Shi ya sa suka riƙa tayar da kunya, suna zuba toka da kashin awaki, suna kewayewa da dangar kara saboda kaji da akuyoyi.

Wurin shuka ma ba da ka ake zaɓarsa ba. Barkono, daddoya da kuɓewa masu son rana ne, suna buƙatar kamar awa 6 a wuni, don haka fili ake ba su, nesa da inuwar mangwaro ko dogonyaro. Na'ana'a kuma gindin randa ake kai ta, ko inda ake alwala, ta sha hantsi da danshi, katanga ta kare ta daga ranar azahar. Zogale jikin danga yake tsayawa, ana sare kansa don kada ya yi wa na ƙasa inuwa. Kabewa a bar ta ta hau rufin ɗaki. Ruwan sabulu dai ba a yarda ya bi ta garka.

Yau fa? Mun shafe tsakar gida da siminti, filin garka ya koma ɗakin haya. Ganyen da uwa ke tsinka a taku biyar, yanzu sai an aiki yaro kasuwa da kuɗi. Abin da ya fi ciwo, 'ya'yanmu da yawa ba sa bambanta lalo da rama.

Ai gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Tsohon bokiti ko buhun siminti, a huda gindinsa, a cika da ƙasa da taki, a ajiye ta gabashin gida, ya isa daddoya ko barkono. Tsofaffin da suka san mazaunin kowane tsiro suna nan da ransu a cikinmu. Mu je mu tambaye su, mu karɓi iri a hannunsu kafin damina ta sauka. Allah Ya sa mu dace.