"An Ce" Ba Hujja Ba Ce: Tantance Labari Kafin Yaɗa Shi a Aikin Jarida da Hausa

Tsakure

Maƙalar ta dubi al'amura biyu da labarin ƙarya ya jawo asarar rai a Nijeriya, a 2014 da 2018. Ta kafa hujja cewa ana tantance labari ne kafin ya fita daga ɗakin labarai, kuma jingina shi da "an ce" ko "wai" ba ya sauke nauyin da ke wuyan ɗan jarida.

Gabatarwa da Waiwaye

Ra'ayin da ya fi yawo shi ne Facebook da WhatsApp su ne ummul haba'isin labaran ƙarya, magani kuwa shi ne ƙungiyoyin bin diddigi irin su Africa Check, da aka kafa a 2012, da Dubawa, da ta fara aiki a 2018. Ba a raina aikinsu. Sai dai mafi yawansa gyara ne bayan ɓarna, kuma kaso mai yawa na fitowa da Turanci a shafukan intanet, alhali mai sauraron rediyo a karkara da Hausa ƙaryar ta iso masa, da Hausa kuma ya isar da ita gaba. Wannan ra'ayi ya fid da ɗan jarida daga zargi cikin sauƙi, shi ya sa maƙalar ke jayayya da shi.

Hanyar Bincike

An kwatanta al'amuran biyu ta fuskar tushen labarin da abin da ake buƙata don gano ƙaryarsa.

Sakamako

A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar Ebola, saƙo ya bazu cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum. Aƙalla mutum biyu suka rasu. Kiran likita ɗaya ya isa ya rushe wannan magana.

Al'amari na biyu, na jihar Filato, ya fi ƙarfafa hujjar. Bayan hare-haren gundumar Gashish, ƙaramar hukumar Barikin Ladi, a watan Yunin 2018, hotuna masu tayar da hankali sun cika Facebook. Binciken da BBC ta fitar daga baya ya nuna hoton wani jariri ya riga rikicin fitowa da watanni, wani bidiyo kuma a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Bayan yaɗuwar hotunan, a ranar 24 ga Yuni an tare hanya a Jos an kashe mutum 11. Ba ƙwarewa ta musamman ake buƙata ba kafin a gane irin wannan hoto: a nemi asalinsa a intanet, a tambayi wanda ya fara ɗora shi, a kira wakili da ke wurin. Duk gidan rediyon da ya karanta irin wannan labari da "rahotanni na cewa" ya ara masa mutuncinsa, domin mai sauraro ba ya riƙe "wai", abin da yake faɗa a majalisa shi ne "na ji a rediyo".

Za a ce gasa ba ta barin jira, wanda ya tsaya bincike an riga shi. Amsa ita ce, a labarin rikici jinkirin sa'a guda asararsa masu sauraro ne, gaggawa kuwa asararta rayuka. Za a kuma ce ƙananan gidaje ba su da kuɗi. Kiran waya biyu dai bai fi ƙarfin kowane ɗakin labarai ba.

Iyakar Binciken

Al'amura biyu ba su isa a yanke wa dukan kafofin Hausa hukunci ba, kuma ba a auna shirye-shiryen wani gida ba. Wannan bai taɓa hujjar ba. Ya kamata editoci su hana fitar da duk labarin rikici ko na lafiya da bai samu majiya biyu masu zaman kansu ba.