Amfilifayar Williamson da Tarihin Masu Haɗa Kayan Sauti da Hannunsu

A aikin rediyo akwai abu guda da ya fi ƙarfin mai gabatar da shiri. Zai gyara murya, injiniya ya daidaita makirufo, a tace sauti tsaf, amma da zarar magana ta bar gidan rediyo sai abin da akwatin mai sauraro ya ga dama ya yi da ita. Wani akwatin yakan fito da goge kamar a gabanka ake goga shi, wani kuma ya mayar da shi kukan sauro cikin gwangwani. Neman hanyar da za a shigo da sauti ɗaki ba tare da ya ɓaci ba yana da dogon tarihi, kuma kaso mai yawa na tarihin nan a kan teburan mutane aka rubuta shi, a gidajensu, da dalma da zarto da wayar tagulla. In za a sa wa lamarin shekarar haihuwa, to 1947 ce.

Kafin mu je can, ya kamata mai karatu ya riƙe cewa kayan sauti na gida kashi uku ne. Akwai inda sautin ke fitowa, kamar faifan garmaho ko rediyo. Akwai amfilifaya, wadda ke karɓar siginar nan mai rauni ta ƙara mata ƙarfi. Sai lasifika, wadda ke mayar da ƙarfin lantarki ya zama motsin iska da kunne ke ji. Duk wanda ya gaza cikin ukun nan, sauran biyun sun yi aikin banza.

Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa

An haifi D. T. N. Williamson a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan a 1923. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya faɗi jarrabawar lissafi, ya bar jami'a ba tare da digiri ba. Ya samu aiki a kamfanin Marconi-Osram mai ƙera bawul, wato ƴan kwalaben nan masu kama da ƙwan lantarki da ke haske cikin tsofaffin rediyoyi kafin zuwan taransista. A lokacin da ba ya bakin aiki sai ya riƙa ƙera wa kansa amfilifaya don sauraron faifai. Kamfanin bai damu da ƙera ta don sayarwa ba, bawul yake son ya sayar. Saboda haka, bayan ma Williamson ya koma wani kamfanin, aka miƙa bayanin aikinsa ga mujallar Wireless World ta Landan, ta buga shi a fitowar Afrilu da Mayu na 1947.

Ƙarfin na'urar wat 15 ne kacal, abin da yaron da ke kiɗan biki a yau zai yi wa dariya. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Gurɓatar da take yi wa sauti ba ta wuce ɗaya cikin dubu ba. Wani mai kamfani, Harold Leak, ya riga ya kai wannan matsayi tun 1945, amma tasa ta sayarwa ce, sai mai kuɗi. Ta Williamson kuwa zanen haɗinta ne aka shimfiɗa a takarda, da ƙimar kowace rizisto da kwandansa, har da yadda za a naɗa taransifoma. Wanda ya sayi mujallar ya mallaki sirrin duka.

Dabarar da ta dogara a kanta tsohuwa ce, wani injiniyan tarho a Amurka mai suna Harold Black ya gano ta a 1927. Ana ɗibar wani kaso na sautin da ya fita, a juya shi, a mayar da shi bakin shiga. Idan amfilifaya ta ƙara wani abu da babu shi a asalin sautin, wannan kason da aka mayar sai ya soke shi. Williamson ya yi amfani da dabarar sosai, har ta rage gurɓata kusan sau goma. Amma akwai sharaɗi: dole kason da aka mayar ya iso kan lokaci. In ya makara, maimakon ya soke kuskure sai ya ƙara masa wuta, na'urar ta kama ihu ita kaɗai, irin kukan da lasifika ke yi a wurin taro idan an kusanto da makirufo gabanta.

Abin da ke jawo makarar kuwa shi ne taransifomar da ke tsakanin bawul da lasifika. Shi ya sa Williamson ya tsananta a kanta. Waya ce zagaye dubbai, a naɗa ta kashi-kashi, ana saɓa naɗin shiga da na fita, a kan ƙarfe mai kyau kuma mai nauyi. Da yawa sun kwafi zanen suka sa taransifoma mai araha, na'urarsu ta yi ta gunji ko ta ƙona musu lasifika. Araha dai ba ta ado. Koke ya yi yawa har Williamson ya sake fitar da gyararren zane a 1949. Darasin farko na wannan sana'a ke nan: wuri ɗaya ko biyu ne suka cancanci a zuba musu kuɗi, kuma sai mai ilimin abin ya san su.

Daga Landan zuwa Kingston

Zanen ya zo a kan gaɓa. Yaƙi ya ƙare, dubban samari da aka koya wa aikin rediyo da na'urar hangen jirage sun dawo gida da sana'a a hannu, ga ragowar kayan soja ana sayarwa da arha. A 1948 kamfanin Columbia ya fitar da dogon faifai mai ɗaukar kiɗan minti ashirin da wani abu a kowace fuska, mai tsabtar da tsofaffin akwatuna ba sa iya nunawa. A Ostareliya da Amurka aka sauya bawul ɗin Ingila mai lamba KT66 da 807, wanda yaƙi ya bari jibge. A Nuwamban 1949 David Sarser da Melvin Sprinkle suka buga tasu sigar a mujallar Audio Engineering, Amurkawa suka yi mata caa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Hedley Jones, mutumin Jamaika da ya yi aikin na'urar hangen jirage a rundunar sojan saman Ingila. Da ya koma Kingston sai ya buɗe shagon gyaran rediyo da sayar da faifai, ya haɗa amfilifaya irin ta Williamson don jawo masu saye. Wani mai kiɗan taro, Tom Wong, wanda aka fi sani da Tom the Great Sebastian, ya ji ta, ya ce shi ma a ƙera masa. Wannan na cikin tushen al'adar manyan lasifikun titi na Jamaika, inda daga baya kiɗan rege ya samu gindin zama. Mai gyaran rediyo guda da ya iya karanta zane, ka ji inda aikinsa ya kai.

Shi kuwa Williamson bai zauna a harkar sauti ba. Ya koma ƙera injunan masana'antu masu aiki da kwamfuta, ya yi suna a can, har aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a 1968. Ya rasu a 1992.

Zamanin haɗa-da-kanka

Ba kowa ke iya huda faranti da naɗa waya ba. Kamfanin Heath na jihar Mishigan ya ga wannan giɓi, ya fara sayar da kaya a kwali tun 1947, da sunan Heathkit: ga dukkan sassa, ga littafi mai bayani ɗaya bayan ɗaya, in ka liƙa waya ka sa alama ka wuce gaba. David Hafler, wanda ya fara da sana'ar naɗa taransifoma don masu haɗa amfilifayar Williamson, ya kafa kamfanin Dynaco a 1955. A 1959, shekara guda bayan faifan sitiriyo ya shiga kasuwa, ya fitar da Stereo 70 mai wat 35 a kowane ɓangare, a kan dala 99.95 ga mai haɗawa da kansa. An sayar da fiye da 300,000, kuma har yau akwai waɗanda ke aiki. Dalili a fili yake: wanda ya haɗa abu da hannunsa ya san inda zai taɓa ranar da ya lalace.

Ɓangaren lasifika kuma aikin kafinta ne. Idan fatar lasifika ta tura iska gaba, tana jan ta ta baya, in babu akwati sai biyun su haɗu su kashe kaurin sauti. Akwatin kuma in katakonsa na rawa, sai ya sa baki cikin waƙar da ba a gayyace shi ba. Gilbert Briggs, mai kamfanin Wharfedale a Ingila, ya koya wa mutane su haɗa allo biyu su cika tsakaninsu da busasshen yashi don hana rawar. A 1954 Edgar Villchur a Amurka ya nuna cewa ƙaramin akwati rufaffe ruf na iya ba da kauri, domin iskar da aka kulle a ciki ita ke riƙe fatar. Amma girman akwati ya ci gaba da zama gwaji da sa'a har 1961, lokacin da Neville Thiele a Ostareliya ya fitar da lissafinsa, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Daga nan, in ka auna ƴan lambobi daga jikin lasifika, za ka san faɗin akwati da tsawon ramin numfashinsa kafin ka ɗora zarto a kan katako.

Da tsohuwar zuma

Taransista ta kori bawul a shekarun 1960. Kayan masana'antar Japan suka cika duniya da arha, har ya zama haɗa abu a gida ya fi sayensa tsada. Heathkit ya daina sayar da irin waɗannan kaya a 1992. An ɗauka sana'ar ta mutu, ashe dalilinta ne ya sauya. Masu yi a da don sauƙin kuɗi suke yi, na baya kuwa don su sami abin da kanti ba ya sayarwa. Tun a 1969 John Linsley Hood ya buga zanen amfilifaya mai wat 10 da taransista huɗu a Wireless World, kuma har gobe ana haɗa ta.

A Japan ɗin ma, masu yawo a rumfunan kayan rediyo na unguwar Akihabara a Tokiyo suka koma tonon tsoffin kaya. Suka ɗauko bawul 300B, wanda kamfanin Western Electric ya fitar a 1938 aka yi ta amfani da shi a gidajen silima, suka riƙa haɗa amfilifaya mai bawul ɗaya a kowane ɓangare, wat takwas, su jona ta da manyan lasifiku masu bakin kakaki da ba sa cin ƙarfi. Jean Hiraga, ɗan Faransa mai jinin Japan, ya kai wannan ra'ayi Turai ta mujallar L'Audiophile daga 1977. A 1994 Nelson Pass, wanda kamfaninsa ke sayar da na'urori masu tsadar gaske, ya buga zanen Zen kyauta, amfilifaya mai ƙara ƙarfi da taransista guda.

Abin da ya fi tona asiri ya faru a 1999. Wani ƙaramin kamfanin Japan, 47 Laboratory, ya fitar da amfilifaya mai suna Gaincard a kan fiye da dala 3,000, masu sharhi suka yaba. Da masu bin diddigi suka leƙa cikinta sai suka tarar da ayisi na ƴan daloli mai lamba LM3875 da sassan da ba su kai goma ba a kowane ɓangare. Nan da nan mutane a ƙasashe da dama suka shiga haɗa irinta. Mai ita bai yi ƙarya ba, na'urarsa na da daɗin ji. Sai dai an gane cewa kyan nata daga tsari yake, da gajartar hanyar waya, da tsabtar wutar da ake ba ta.

Ina namu rabon?

Duk wanda ya ratsa layin masu gyaran rediyo a Maraɗi, Damagaram ko Kano ya san hannuwan da wannan aiki ke buƙata muna da su. Ga mai naɗa taransifoma da fanka, ga mai liƙa dalma ido rufe, ga kafintan da ke buga akwatunan lasifika na biki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da Wireless World ta bai wa masu karatunta, wato zane da dalilinsa cikin harshen da mai aiki ke ji. Shi ya sa ake buga akwati da ƙiyasin ido, a kuma auna kyan sauti da yawan ƙararsa. Yanzu kuma ga kayan da ke zuwa a liƙe, in sun mutu sai dai a cire allo a sa wani, yaron shago ya shekara biyar bai san abin da rizisto ke yi ba. Idan tsofaffin da suka yi zamani da rediyo mai taransista suka kau, ilimin zai bi su.

Ga matashin da wannan labari ya motsa, shawarata ya fara da amfilifaya mai ayisi da akwatin da aka yi wa lissafi. Ya jinkirta taɓa bawul, domin wutar da ke cikin irin ta Williamson ta haura bolt 400, kuma kwandansa na riƙe ta ko bayan an kashe na'ura. Ya kuma tuna da zafin ƙasarmu da ɗaukewar wuta, don zanen Linsley Hood da na Pass suna fitar da zafi mai yawa ko ba sa kiɗa. Mu kuma ƴan rediyo, da muke da filin noma da na kiwon lafiya, ba za mu rasa rabin sa'a a mako ba da za mu zaunar da tsohon mai gyara gaban makirufo ya yi wa yara bayanin sana'arsa da Hausa. Muryarmu ce dai za ta fita ta akwatin da za su haɗa.