Daga Minjirya Zuwa Na'urar Laka: Tarihin Kashe Ciwon Baya da Lantarki

Da yawanmu muna da uba ko kawu da tuƙin tasi ko aikin sito ya lalata wa baya. In magani ya gaza, likita a Ingila ko Amurka kan kawo zancen dasa na'ura kusa da laka, wai har akwai sabuwa maras waya. To, tsohon zance ne fa.

Tun ƙarni na farko wani likitan Rum, Scribonius Largus, yake sa masu ciwon gaɓoɓin ƙafa su taka wani kifin teku mai ba da lantarki, kamar minjiryarmu, har ƙafar ta yi sanyi.

A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka ce akwai wata "ƙofa" a laka: in aka motsa manyan jijiyoyin taɓawa, sai ta tare saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa in ka buge gwiwa kake murza ta. A 1967 Norman Shealy ya gwada dabarar a Amurka kan wani mai ciwon daji, zafin ya lafa. Abin mamaki, na'urorin farko da Medtronic ya sayar ba batir a cikin jiki, daga waje ake tura musu ƙarfi da zangon rediyo. Sai daga baya aka koma binne batir ƙarƙashin fata, mai caji kuma ya fito a 2004.

Saboda haka da hukumar FDA ta amince da ƙaramar na'urar Stimwave a 2014, tsohuwar hanya aka komo, an dai ƙanƙanta ta. Kamfanin ya karye a 2022, a 2024 kuma aka yanke wa tsohuwar shugabarsa shekara 6 a kurkuku, saboda wani ɓangaren roba na bogi da aka riƙa dasa wa mutane a wata na'urarsu ta jijiyoyi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne hujja. A 2022 an yi gwaji a Norway kan mutum 50 da aka taɓa yi wa aikin baya: a kunne ko a kashe, ba su ga wani bambanci ba. Bitar Cochrane ta 2023 ta tattara gwaji 13, ita ma ba ta sami fa'ida mai ɗorewa ga ciwon ƙugu ba. Akwai masu cewa sun ji sauƙi, gaskiya ne. Amma in ka raka Baba asibiti, ka tambayi likita kwana nawa za a gwada kafin dasawa, da kuma mutum nawa aka sake yi wa aiki don cire ta.