Kwalejin St. Mary ta Aboke a Arewacin Yuganda

Kwalejin St. Mary ta Aboke makarantar sakandare ce ta kwana ta 'yan mata, ta Cocin Katolika, da ke garin Aboke a ƙasar Lango, arewacin Yuganda, ba nisa da birnin Lira. A da tana cikin gundumar Apac, amma tun da aka ƙirƙiro gundumar Kole a 2010 ta koma ƙarƙashinta. Sunanta ya zaga duniya a watan Oktoban 1996, lokacin da 'yan tawayen Lord's Resistance Army, waɗanda aka fi sani da LRA, suka sace ɗalibanta 139 a dare ɗaya. Abin da ya ba ta matsayi a tarihi shi ne yadda malamanta da iyayen yara suka ƙi cire rai da ko yarinya ɗaya, suka yi ta bin sawu har shekara goma sha biyu da 'yan watanni.

Kafuwa

Sistocin ƙungiyar Comboni ne suka kafa makarantar a 1967, shekara biyar bayan Yuganda ta sami 'yancin kai. Ƙungiyar ta samo asali ne daga Daniel Comboni, limamin Katolika ɗan Italiya wanda ya yi aikin mishan a Sudan, ya rasu a Khartum a 1881. Mabiyansa sun shigo arewacin Yuganda a 1910, suka buɗe coci-coci da asibitoci da makarantu a ƙasashen Acholi da Lango da maƙwabtansu. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka arewa take baya a harkar boko, domin an fi ɗaukar 'ya'yanta aikin soja da ƙwadago, manyan makarantu kuwa suna kudu. Ilimin 'ya mace ya fi kowane shan wahala. Shi ya sa makarantar kwana irin ta Aboke ta zama abin alfahari: manomi da ƙaramin ma'aikaci sukan matse bakin aljihu su biya kuɗin makaranta, da fatan 'yarsu ta zama malama ko nas ko likita.

Yaƙin arewa

Bayan Yoweri Museveni ya karɓi mulki a watan Janairun 1986, tawaye ya ɓarke a arewa. Alice Lakwena ta jagoranci wata runduna wadda aka murƙushe kusa da Jinja a ƙarshen 1987, daga nan Joseph Kony, jagoran LRA, ya gaji fagen. Da jama'a suka juya masa baya, sai ya koma satar yara yana cika rundunarsa da su: maza a ba su bindiga, mata a raba wa kwamandoji da sunan aure. Daga 1994 gwamnatin Sudan ta riƙa ba shi makamai da mafaka, a matsayin ramuwa ga goyon bayan da Yuganda ke bai wa 'yan tawayen kudancin Sudan. Makarantun kwana suka zama abin hari, saboda yara da yawa suna kwance wuri guda.

An fara kai wa Aboke hari a watan Maris na 1989, aka tafi da ɗalibai goma. Tara sun kuɓuta daga baya, ɗaya ta rasu a daji. Bayan haka aka ƙarfafa ƙofofi da tagogin ɗakunan kwana da ƙarfe, aka kuma sa masu gadi ɗauke da makamai.

Daren 10 ga Oktoba, 1996

Ranar 9 ga Oktoba ita ce ranar bikin 'yancin kan Yuganda. A wannan dare masu gadin ba sa bakin aiki, duk da cewa jita-jitar zuwan 'yan tawaye ta cika gari. Wajen ƙarfe biyu da wani abu na dare maharan suka shigo harabar. Shugabar makarantar, Sista Alba Burlo, da mataimakiyarta, Sista Rachele Fassera, duka 'yan Italiya, suka yanke shawarar ɓuya, don kada a sa musu bindiga a ka a tilasta musu buɗe ƙofofin da hannunsu. Ƙarfen bai tsare ba. Maharan suka fasa taga suka shiga, suka ɗaure yaran da igiya, suka ƙona motar makaranta, suka kwashe magunguna da abinci, suka nausa daji da 'yan mata 139, yawancinsu masu shekara 13 zuwa 16.

Da gari ya waye, Sista Rachele ta ɗebi kuɗi daga ofis, ta bi bayansu a ƙafa tare da wani matashin malamin makarantar. Takardun alewa da kwalaben lemon da maharan suka yi ta zubarwa a hanya su ne suka nuna musu sawu. Suka ratsa fadama, ruwa da taɓo, har suka cim musu. Kwamandan, Mariano Ocaya, bai karɓi kuɗin ba. Bayan tafiyar yini guda, ana ɓuya daga jirgin sojoji, sai ya sanar da hukuncinsa: zai ba ta 109, zai riƙe 30. Sistar ta durƙusa ta roƙe shi ya riƙe ta a madadinsu, ya ƙi. Ta rubuta sunayen talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya, yaran suna kuka suna roƙon kada ta tafi ta bar su, sannan ta juyo da sauran zuwa gida.

Gwagwarmayar iyaye

Iyayen yaran suka kafa ƙungiya mai suna Concerned Parents Association. Fitacciya a cikinsu ita ce Angelina Atyam, wata ungozoma daga Lira, wadda 'yarta mai shekara 14 tana cikin waɗanda aka riƙe. Da muryarta ta fara damun 'yan tawayen, sai suka aiko mata cewa za su sako tata idan ta yi shiru. Ta ƙi, ta ce sai dai a sako duka. A wurinta ɗa na kowa ne, kuma wannan matsayi nata ya sa ƙungiyar ta zama bakin dukan iyayen da aka raba da 'ya'yansu a arewa. Fafaroma John Paul na Biyu ya yi kira a fili da a saki yaran. Sista Rachele ta je har sansanonin LRA kusa da Juba a 1997, ta dawo hannu rabbana. A 1998 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Angelina Atyam lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan Adam. A 2001 'yar jarida Els De Temmerman, 'yar Beljiyam, ta buga littafinta Aboke Girls, wanda ya ƙara yaɗa labarin.

Iyayen sun matsa a bi hanyar sulhu, domin sun san duk harsashin da aka harba wa LRA, ɗan wani da aka sace ne zai iya ɗauka. Wannan tunani, tare da kiran malaman addinin Kirista da na Musulunci na yankin, ya taimaka wajen kafa dokar afuwa ta 2000.

Dawowa da farfaɗowa

Yaran sun riƙa dawowa da ɗaiɗai, galibi ta hanyar gudu a tsakiyar artabu. Grace Akallo, ɗaya daga cikinsu, ta tsere bayan wata bakwai, ta koma Aboke ta ci gaba da karatu, ta yi jami'a, kuma a 2009 ta yi jawabi a gaban Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya kan halin yara a fagen yaƙi. 'Yar Angelina Atyam ta dawo a 2004 da 'ya'yan da ta haifa a daji. Wasu sun rasu a can. Ta ƙarshe ta fito daga dajin Kwango a watan Maris na 2009.

Kafin nan yaƙin ya raba mutane kusan miliyan 1.8 da gidajensu, an kuma sace yara fiye da 20,000. Tattaunawar sulhu tsakanin gwamnati da LRA a Juba ta kai ga tsagaita wuta a watan Agustan 2006. Kony ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar ƙarshe a 2008, amma bindiga ta yi shiru a arewacin Yuganda, mutane suka bar sansanoni suka koma gonakinsu. Waɗanda suka dawo daga daji sun tarar da wani sabon nauyi: gori, da ƙyamar 'ya'yan da suka haifa, da shekarun karatu da suka salwanta. A 2021 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta sami Dominic Ongwen, wani kwamandan LRA, da laifuka 61, ciki har da auren dole da tilasta ɗaukar ciki, ta yanke masa shekara 25.

Makarantar tana nan tana aiki, tana yaye 'yan mata kowace shekara, kuma ana tunawa da ranar 10 ga Oktoba da addu'o'i. Lokacin da aka sace ɗalibai 276 a Chibok a 2014, 'yan jarida da masu kare haƙƙin yara sun waiwayi Aboke don neman darasi. Abin da tarihinta ya nuna shi ne, gadin makarantar kwana a lokacin fitina amana ce da ba a sakaci da ita ko na dare ɗaya, kuma yarinyar da ta dawo tana da haƙƙin a karɓe ta a gida, a kuma mayar da ita aji.