Tarihin da Ke Cikin Tsohuwar Azara

Jama'a, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin ciniki wanda in mutumin ƙasarmu ya ji labarinsa sai dariya ta kama shi. In za a rushe tsohon gida ko tsohuwar tashar jirgin ƙasa, sai dillalai su zo su saye ƙyamare da tagogi da ginshiƙai da sassaƙaƙƙun duwatsu, su kai kanti. Mai hali ya zo ya saya da tsada, ya kafa a gidansa ko a lambunsa, yana alfahari da tsufansu. Abin har ya kai a 1968 wani attajirin Amurka ya sayi tsohuwar gadar London, aka kwashe duwatsunta, kowane da lambarsa, aka haye teku da su, aka sake gina ta a jihar Arizona, aka buɗe ta a 1971.

To, kafin mu yi dariya sai mu waiwaya gida, gama kakanninmu na ƙasar Maska da ƙasar Galadima sun san wannan al'amari tun Bature bai zo ba. A zamaninsu soro ba ya mutuwa gaba ɗaya. In ya faɗi, ƙasar sai a sake kwaɓa ta a yi tubali, azara kuwa sai a zare ta ɗaya ɗaya a jingine, ta jira sabon gini. Dalili kuwa shi ne, azara daga giginya a ke tsage ta, giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ƙosa. Itacenta yana da tauri ƙwarai, gara ba ta samun sa da sauƙi. Saboda haka azara guda ta kan ga soraye biyu ko uku, ta riƙe rufin kaka, ta riƙe na jika.

Haka kuma ƙyaure. Masassaƙi ya fafe katakai da gizago, maƙeri ya ƙera ƙusoshi masu faɗin kai da ƙarafan ɗauri, a haɗa su a yi ƙyauren da ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi. Irin wannan ba a yar da shi. In gida ya tashi, da shi a ke tashi. Har marina ma tana da hannu cikin gini, gama katsin da a ke kwasowa daga karofi shi a ke haɗawa a yi laso, a shafe rufi don kada ruwa ya ratsa. Garin Maska kuwa, da ya yi suna wajen saƙa da rini, bai rasa katsi ba.

Me ya sauya wannan hali? Auduga da jirgin ƙasa. Hanyar jirgi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, ta bi ta Funtuwa. Kamfanin B.C.G.A. ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, kuɗi suka shigo hannun manoma, Sarkin Maska ya zauna Funtuwa, ƙauye ya zama gari. Jirgin da ya tafi da auduga shi ya komo da kwano da siminti. Ba kuwa za mu ga laifin wanda ya rufa kwano ba. Ruwan sama a kudancin Katsina ya fi na arewa yawa, rufin soro kuwa kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina, in an yi sakaci ya rufta kan mutane. Amma da kwano ya samu shiga, sai azara ta rasa mai gadonta. Yau in an rushe tsohon zaure don a yi shago, azara ta tafi murhu, ƙusoshin maƙeran dauri su tafi wurin 'yan gwangwan, a auna su a kan sikeli kamar kowane ruɓaɓɓen ƙarfe.

Sarakuna da hukuma sun yi abin da za su iya game da manyan gine-gine. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da aka zo sabunta shi sai aka bar wani sashe na tsohon ginin a cikin sabon, har yanzu ana ganin bakan gizonsa. A Gidan Makama na Kano an ajiye ƙyamaren waɗansu tsofaffin ƙofofin birni. Ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ya zama gidan tarihi. Akwai kuma dokar 1979 wadda ta hana fita da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba. Amma doka ba ta shiga zauren talaka, gidan tarihi kuwa ba ya ɗaukar ƙyauren kowane mai unguwa. Abin da ke Maska da Bakori da Ƙafur da Malumfashi, in mu ba mu tsare shi ba, babu mai tsare mana.

Sai dai a nan akwai wurin da ba za mu bi Turawa ba. Ƙyauren da aka saya a kanti, aka kafa a lambun baƙo, kyansa kaɗai ya rage, labarinsa ya ɓace. Haka ya faru ga ƙyamaren rumbunan Dogon na ƙasar Mali, waɗanda dillalai suka yi ta kwasa zuwa Turai. Darajar ƙyauren kakanmu ita ce mun san wanda ya sassaƙa shi, da gidan da ya tsare, da mutanen da suka shige ta bakinsa.

Saboda haka roƙonmu ga mai niyyar rushe tsohon gida shi ne, ya tsaya tukuna. Ya zare azara ya yi rumfa da ita a tsakar gida. Ya mai da ƙyauren ga sabon zaure, ya kafa tsohuwar randa da dutsen niƙa a gindin bishiya. Sa'an nan ya tambayi tsofaffin gidan asalin kowane, ya sa ɗan makaranta ya rubuta, tun masu sani suna da rai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane.