Firist, Magajiya da Liman: Tarihin Jagorancin Ibada a Ƙasar Daura

Firist shi ne mutumin da aka keɓe don ya tsaya tsakanin jama'a da abin bautarsu, ya miƙa hadaya a madadinsu, ya kuma shiga inda aka hana kowa shiga. Kalmar ta aro ce, da ita Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kiran zuriyar Annabi Haruna cikin ƙabilar Lawi, waɗanda suka riƙe hidimar ibada a Bani Isra'ila. Matsayin na gado ne, kuma babban firist kaɗai ke shiga Wuri Mafi Tsarki, sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara. Da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya sai hadaya ta tsaya, jagoranci ya koma hannun malaman Attaura. Cocin Katolika ya riƙe matsayin firist ta hanyar naɗi, amma a 1520 Martin Luta ya koyar da cewa kowane mai bi firist ne, shi ya sa majami'u irin su ECWA ke kiran shugabansu fasto.

Ƙasar Daura ta bi ta kan irin wannan sauyi, daga mai riƙon wuri mai tsarki zuwa mai riƙon littafi. Girgam na Daura ya lissafa sarauniyoyi tun daga Kufuru a Tsohon Birni har zuwa Daurama, ya kuma ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Rijiyar da ke da rana da ƙa'ida wurin tsafi ce, kuma wurin tsafi ba ya rasa mai kula da shi. Wannan ne ya sa masana da dama ke ganin Magajiya, wato sarauniyar Daura, ta haɗa sarauta da hidimar iskoki, kamar yadda Inna ta Gobir ta kasance shugabar 'yan bori. Hoton ya fi fitowa fili a Kano, inda Bagauda, jikan Bayajida, ya tarar da mabiya Barbushe, wanda ya gaji Dala, kuma shi kaɗai ke shiga wurin tsafin Tsumburbura bayan jama'a sun kawo baƙaƙen dabbobi. Gado, yanka da keɓantaccen wuri, alamomin firist ke nan duka uku.

Zuwan Musulunci ya canza tushen matsayin. Liman yana gaba ne saboda karatunsa, yana fuskantar alƙibla tare da mamu, kuma idan alwalarsa ta karye wani daga sahu ya wuce gaba. Ragon layyarsa bai ɗauke wa magidanci mai hali nasa ba. Ko juyin da ya kawo Malam Isiyaku Daura a zamanin jihadin Shehu Usmanu, ya kori Sarkin Gwari Abdu, da hujjar littafi aka yi shi. Da Turawa suka maido gidan Haɓe da Malam Musa a 1906, sarauta ta koma gidanta, amma salla ta zauna a hannun malamai.

Wani zai ce ai limanci ma gado ne, tunda a garuruwa da yawa ɗa ke hawa buzun ubansa, kuma jama'a na kai wa malam sadaka don addu'a kamar yadda ake kai wa firist ushiri. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin gidan da littattafai suke nan ne yaro ya fi saurin karatu. Sai dai ɗan liman da bai yi karatu ba ba shi da hurumin shiga gaba, alhali almajirin da ya fito daga ƙauye yana iya zama limamin Juma'a. Wanda kuwa ba jinin Haruna ba ne, ko ya haddace Attaura bai isa ya taɓa bagade ba. Addu'ar malam kuma roƙo ce da ake fatan karɓa, ba ta toshe wa kowa hanyar roƙon Ubangijinsa da kansa.

Saboda haka kuskure ne a fassara firist da liman, ko a ɗauki liman tamkar mai riƙe da mabuɗin gafara. Kusugu na nan a Daura ana ɗibar ruwanta kowace rana, jagorancin ibada kuwa na wanda ya zauna ya yi karatu ne.